Addu'ar Ɓoye da Bakin Buhu

Darasi don taron ƙungiyoyin manoma na ikkilisiya
Wuraren karatu: Matiyu 6:5-15, Amos 8:4-7, Daniyel 6:1-11

 Darasin wannan fitowa an shirya shi ne musamman domin ƙungiyoyinmu na birnin Sakkwato da ƙauyukan bakin fadama, amma na nesa ma ba za su rasa rabonsu a ciki ba. Kafin a fara, shugaba ya sa mutum uku su karanta wuraren nan uku da murya, sannu a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji da kyau. Ba mu kwafo ayoyin a nan ba. Kowa ya zo da Littafinsa, ya buɗe da hannunsa.

Akwai wata tambaya da kusan kowane Kirista mazaunin Sakkwato ya taɓa ji daga bakin maƙwabcinsa: "Wai ku yaushe kuke yin salla?" Kada tambayar nan ta ɓata wa kowa rai, gama mai yin ta yana da dalili. Wannan gari ne na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Nan hubbarensa yake, nan kuma fadar Sarkin Musulmi take. Tun da asuba ladan ke tashe mu duka, mu da su. A fadama, da azahar ta yi, za ka ga mutum ya kashe inji, ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu ya fuskanci gabas. Ibadarsa a fili take, sau biyar a rana. Mu kuwa ran Lahadi yake ganinmu da Littafi a hannu, wataƙila da wata rana ɗaya a tsakiyar mako, shi ke nan. Sauran kwanakin bai san abin da ke tsakaninmu da Allah ba.

Waɗansunmu sukan amsa da cewa, "Ai mu kullum cikin addu'a muke, ba mu da wani ƙayyadadden lokaci." Maganar tana da daɗin ji, amma sau da yawa mayafi ce kawai. Mutumin da ya ce kowane lokaci lokacin addu'arsa ne, in ka bincika, sai ka tarar ba shi da ko ɗaya.

Amsar gaskiya tana cikin Matiyu 6. Ubangiji bai hana addu'ar taro ba, shi kansa yakan shiga majami'a ran Asabar. Ba kuma maƙwabtanmu yake zargi ba, da almajiransa yake magana, wato da mu. Abin da ya tsawata a kai shi ne addu'ar neman suna, irin wadda mutum kan miƙe a cikin taro ya jera manyan kalmomi domin a ce wane ya iya addu'a. Sai ya aika da almajirinsa can ciki, inda babu mai ganinsa sai Uba. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, wurin da aka ambata a aya ta 6 ɗakin ajiya ne, na can cikin gida, inda mai gida ke adana kayan abincinsa. Ita ce kalmar da ke cikin Luka 12:24, inda ake maganar tsuntsayen da ba su da wurin ajiya. Manomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ɗakin ajiya shi ne wurin da ake sanin gaskiyar gida. Baƙo yakan ga zaure da shafen bango, amma mai gida ne kaɗai ya san ko rumbu cike yake ko wayam.

To, tun da maƙwabci ba zai ga addu'armu ta ɓoye ba, me zai gani? Buhunmu zai gani, da mudunmu, da bashinmu, da harshenmu.

Abin da albasa ke koya mana

Duk wanda ya taɓa kai albasa kasuwar Ramin Kura ya san yadda waɗansu ke ɗinka buhu. Manya masu sheƙi a baki, ƙanana da masu tabo a tsakiya. Shi ya sa fataken da ke lodi zuwa kudu sukan sa a zazzage buhu ɗaya ko biyu kafin a yi ciniki. Akwai kuwa manomin da ba a zazzage masa, domin shekara da shekaru an san bakin buhunsa da gindinsa ɗaya ne. Wannan mutum yana da wani jari da ba a ajiye shi a banki.

Amma bari mu koma baya kaɗan, zuwa gona. Ga manoma biyu, fangalinsu na jikin juna, iri ɗaya suka dasa. Na farko ya yi ta ƙara takin yuriya har kusan ƙarshe, yana kuma ba da ruwa har zuwa ranar cira. Albasarsa ta yi girma, ta yi nauyi, amma wuyanta kauri gare shi, kuma ɗanye ne. Na biyu ya tsayar da taki da wuri. Da ganye ya fara kwantawa sai ya yanke ruwa, ya bar ta kamar kwana goma ko mako biyu, bayan cira kuma ya shanya ta inda iska ke ratsawa har wuya ya bushe ya rufe. Ranar cira, kowa na farko zai yaba wa. A zuba su a rudu, a dawo bayan wata uku ko huɗu, lokacin da farashi ya tashi. Ta na farko ruɓa ya shiga ta wuya ya gangara zuciya, ɓawon waje kuwa yana nan yana sheƙi. Sai ka matsa ta ka ji ta lotsa. Ba ita kaɗai za ta lalace ba, har na kusa da ita za ta shafa.

Haka halin mutum yake. Ba ranar cira ake sanin sa ba, sai an daɗe a ajiya. Akwai Kirista mai girman albasar farko: yana cikin mawaƙa, yana cikin kwamiti, muryarsa ta fi ta kowa a wurin amin. Amma bai taɓa zama shi kaɗai a gaban Allah ya bar wuyansa ya bushe ba. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da ruwa ta rayu tun tana yayyafi, duk da haka yaji ta fito da shi. Mutum ma yana iya shan wa'azi kowace Lahadi shekara ashirin bai ɗauko halin abin da yake sha ba.

Irin waɗannan mutane annabi Amos ya gamu da su, wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. Amos ba ɗan makarantar annabawa ba ne. Makiyayi ne daga Tekowa, mai kuma kula da itatuwan ɓaure, saboda haka ya san kasuwa ta wajen talaka. Ku lura da 'yan kasuwar da ke cikin sura ta 8. Ba arna ba ne, ba kuma masu ƙin ibada ba. Suna kiyaye Asabar, suna rufe rumfa, suna zuwa sujada. Amma suna zaune a wurin sujada zuciyarsu tana ƙidaya sa'o'i, suna ɗokin a tashi su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar wa matalauci har da sharar hatsi. A aya ta 7 Allah ya yi rantsuwa cewa ba zai mance da wannan ba. Jikinsu ne ya yi sujada. Ɗakinsu na ciki kuwa mudu biyu ne a ajiye.

Jarin ƙungiya

Me ya sa muke kawo maganar addu'a a taron manoma, inda ya kamata a yi zancen iri da taki da man inji? Domin ƙungiyar gama kai ba ta da wani jari in ban da amana.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. A ƙasar Jamus an yi wani magajin gari mai tsoron Allah, sunansa Firedirik Raifaisan, wanda ya rayu daga 1818 zuwa 1888. A yunwar 1846 zuwa 1847 ya ga yadda masu ba da bashi da ruwa ke ƙwace shanu da gonakin talakawa. Da fari ya tara masu hali su taimaka, amma ya ga sadaka ba ta ɗorewa. A 1864 sai ya kafa ƙungiyar rance wadda manoman da kansu ne membobinta. Irin ƙungiyoyinsa suna da ƙa'idodin da ya kamata mu yi tunani a kansu. Kowace ƙungiya ba ta wuce iyakar ƙauye ɗaya ko ikkilisiya ɗaya ba, domin kowa ya san kowa. In ɗaya ya kasa biya, nauyin yana kan dukansu. Shugabanni kuma ba su karɓar albashi, sai mai riƙe da littafin kuɗi. Abin da ake dubawa kafin a ba mutum rance shi ne halinsa da abin da zai yi da kuɗin. Daga wannan ƙaramin tushe ne bankunan manoma masu ɗauke da sunansa suka fito, suna nan har yau a Turai.

Mu ma haka muke. Da yawa daga cikinmu gonar haya ko ta aro muke nomawa, ba mu da takardar fili da za mu ajiye jingina. In ƙungiya ta ba ɗan'uwa rancen taki ko kuɗin gyaran inji, me ta riƙe a hannu? Maganarsa kawai. In maganar ta ruɓe daga ciki, ƙungiya ta mutu, ko da tana da tsarin mulki mai shafi goma da hatimi.

Tarihinmu a wannan ƙasa ma da amana ya fara. A zamanin Turawa ba a yarda 'yan mishan su yi wa'azi a fili cikin biranen sarakunan Musulmi ba. Ƙofar da ta buɗe ita ce ta jiyyar masu ciwon kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wadda ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi aikin wuraren jiyya na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato bisa yarjejeniya da hukumomin gargajiya. Na Sakkwato shi ne na Amanawa, kusa da birni, kuma asibitin yana nan har yanzu a hannun gwamnatin jiha. Ba mu ce duk abin da aka yi a wancan zamani babu aibi ba, gama da siyasar mulkin mallaka a ciki. Amma gaskiya ce cewa ba da gardama aka shigo ba, da wankin miki aka shigo, kowace safiya, shekara da shekaru. Ko sunan wurin ma yakan tuna wa mai jin Hausa da kalmar amana.

Yanzu bari mu faɗi abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a taro ba. Akwai mai karɓar takin ƙungiya a kan sauƙi ya juya ya sayar a kasuwa, sa'an nan ya ce gona ba ta yi ba. Akwai mai zuwa da dare ya karkatar da ruwa zuwa nasa fangali alhali kwanan wani ne. Akwai ma'ajin da ke cewa a ransa, "Ara zan yi, kafin taro zan mayar." Ba ya kiran abin sata, shi ya sa yake iya barci. Akwai kuma bashi.

A kan bashi dole mu rarrabe, don kada mu zalunci kowa. Wanda ya kasa biya daban, wanda ya ƙi biya daban. A watan Satumba na 2010 kogin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da ƙauyuka, har ya yanke hanyar da ke zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Manomin da irin wannan ya same shi ba mugu ba ne, ƙungiya kuwa in ta matsa masa ita ce ke da zunubi. Amma yadda za ka gane shi ke nan: shi ne zai fara zuwa, tun ba a neme shi ba, ya ce ga abin da ya faru, ga abin da zan iya kawowa yanzu, sauran a ɗaga mini zuwa kaka. Wanda ya ƙi biya kuwa ɓacewa yake yi. Ya daina zuwa taro, in ya hango ma'aji ya sake hanya, daga baya ma ka ji ya koma wata ikkilisiya wai a can ne Ruhu ke aiki. Zabura 37:21 ta ba irin wannan mutum suna, ku duba ku gani. Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5 ma na nan ne. Gonar tasu ce, kuɗin nasu ne, babu wanda ya tilasta musu. Laifinsu shi ne sun ɗinka bakin buhu a gaban ikkilisiya.

Hali zanen dutse ne?

Wani zai ce, "Malam, ai hali zanen dutse ne. Wanda aka haifa da son banza, da shi zai mutu." Karin maganar nan tana da rabin gaskiya. Nasiha ba ta goge hali, tara ba ta goge shi, kunya ma ɓoye shi kawai take sa a yi. Amma in da gaske babu mai iya taɓa dutsen nan, to bisharar da muke riƙe da ita ba ta da amfani. A Ezekiyel 36:26 Allah bai yi alkawarin goge zanen ba, dutsen ne gaba ɗaya ya ce zai cire ya sa wani abu mai rai a wurinsa. Halayen kirki da aka lissafta a Galatiyawa 5:22-23 an kira su 'ya'yan itace. Ba a ɗaura wa itace 'ya'ya da igiya, daga ciki suke fitowa, kuma ba a dare ɗaya ba.

Nan ne addu'ar ɓoye ke aikinta. Mu manoma mun saba ɗaukar addu'a kamar takardar neman taimako: ruwan sama, farashi mai kyau, kariya daga tsutsa da tsuntsu. Ba laifi ba ne, Ubangiji da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Amma ku ƙidaya roƙe-roƙen da ke cikin addu'ar da ya koyar a Matiyu 6:9-13. Ɗaya ne kawai ya shafi ciki. Sauran sun shafi sunan Allah, da mulkinsa, da nufinsa, da laifinmu, da yafe wa wasu, da tsira daga jaraba da Mugun. Aikin farko na addu'a a kan mai yin ta yake. Mutum ba ya iya durƙusawa kullum shi kaɗai a gaban wanda ya ga tsakiyar buhu, ya kuma ci gaba da cusawa. Ɗaya daga cikin biyu za ta faru: ko ya bar cusawa, ko ya bar durƙusawa.

Daniyel misali ne da ya dace da mu ƙwarai. Baƙo ne a babban birnin da addininsa ba shi ne na masu gari ba, ma'aikacin gwamnati ne kuma, dukiya tana bi ta hannunsa. Maƙiyansa sun fara bincika aikinsa ne tukuna, ba su sami ko ƙwayar almundahana ko sakaci ba. Sai da suka rasa, sa'an nan suka koma kan addu'arsa. Aya ta 10 ta nuna cewa sau uku a rana yake durƙusawa, kuma ba ranar da aka kafa doka ya fara ba, al'adarsa ce tun da. Littafin kuɗinsa mai tsabta da gwiwarsa mai kanta, abu ɗaya ne.

To, yaya za a yi? Ga shawara, ba doka ba ce.

A sa lokaci. Mu a Sakkwato ba mu bukatar agogo mai ƙararrawa. In ladan ya yi kiran asuba, maƙwabcinka ya tashi zuwa masallaci, kai ma tashi ka shiga wurin Ubanka. Babu abin kunya a ciki. Markus 1:35 ya nuna mana Ubangiji da kansa yana fita tun da sauran duhu. Da bazara, lokacin da zafi kan wuce awo 40, ai dama asuba ce kaɗai lokacin da hankalin mutum ke tare da shi. Kwata ɗaya na awa ya isa a fara da shi. Wanda gidansu ya cika, ɗaki ɗaya mutum shida, ya nemi bayan rumbu, ko gindin bishiya a gona kafin ya tayar da inji. Maza kuma mu ji wannan: matar da ta tashi da tuwon ɗumame da goyo da ɗiban ruwa, yaushe za ta sami nata kwatan? In mai gida ya karɓi yaro na ɗan lokaci domin matarsa ta keɓe da Allah, bai rage girma ba.

A fara da Magana, ko da aya biyu ce. Wanda bai iya karatu ba ya riƙe ayar da aka yi wa'azi a kanta ran Lahadi, ko ya sa ɗansa ya karanta masa da dare, ko ya saurari Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayarsa. Bayan haka a yi shiru kaɗan. Sa'an nan a zo wurin da ya fi wuya, wato binciken jiya, kamar yadda mai Zabura ya roƙa a 139:23-24. A nan kada a yi jimla. "Ka gafarta mana zunubanmu masu yawa" addu'a ce mai sauƙi, ba ta taɓa kowa. Ka kira abin da sunansa: buhu uku na cusa, kwanan ruwan wane na ci, kuɗin ƙungiya kaza ne a aljihuna, na yi wa matata tsawa a gaban yara. Abin da ka kira da sunansa a gaban Allah, da wuya ka sake kiransa dabara.

In kuwa abin ya shafi haƙƙin wani, addu'ar ba ta ƙare a ɗaki ba. Matiyu 5:23-24 ya ce ko baiko ne a hannunka, ajiye shi ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Kuɗin da aka ci a mayar, in ba za a iya gaba ɗaya ba a je a faɗa, a yanka yadda za a biya. Bayan wannan, ka ambaci membobin ƙungiya ɗaya ɗaya da sunansu, har da wanda ba ku shiri. Daga ƙarshe ka kawo bukatun gona da na gida.

Za a yi kwanakin da ba za ka ji kome ba, kamar kana magana da bango. Kada ka bari. Mai noman rani ba ya jiran sai ya ji daɗi kafin ya ba da ruwa, kwanan ruwa kwanan ruwa ne. Romawa 8:26 kuma ta ce Ruhu yakan taimake mu lokacin da kalmomi suka ƙare mana.

Sai an kafa wannan lokaci ne maganar "kullum cikin addu'a" take zama gaskiya. A birnin Faris na Faransa an yi wani bawan Allah da ake kira Ɗan'uwa Lorens, wanda ya rasu a 1691. Shekaru da yawa aikinsa dahuwa da wanke-wanke ne a gidan masu ibada, aikin da ba ya so tun farko. Ya koya wa kansa yin gajeriyar magana da Allah yana tsakiyar tukwane. Mai riƙe da fartanya ko tiyo ma zai iya. Amma a tuna, shi Lorens yana da sa'o'in addu'a na dole tare da 'yan'uwansa kowace rana, a kan su ya ɗora sauran.

Lahadin da ba a buɗe ƙofa ba

Akwai wani abu da ke cikin ɗakin ajiyar Kiristocin Sakkwato wanda ba za mu tsallake ba. Ran Alhamis 12 ga Mayu 2022 aka kashe ɗaliba Debora Samuyel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin saɓo. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, haka ma Bishof Matiyu Hassan Kukah, wanda ya nemi hukuma ta hukunta masu laifi, ya kuma roƙi Kirista su natsu. Ran Asabar 14 ga wata zanga-zanga ta ɓarke, aka kai hari kan waɗansu majami'u, har da babbar majami'ar Katolika ta Iyali Mai Tsarki. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya kafa dokar hana fita, ikkilisiyar Katolika kuma ta dakatar da sujada a cikin birni. Ran Lahadi 15 ga wata mutane da yawa a gida suka wuni. Babu mawaƙa, babu ganga, babu mai wa'azi. Wanda yake da ɗakin addu'a ya shiga. Wanda ba shi da shi, sai tsoro da jita-jitar waya suka zauna da shi.

Shekaru sun wuce, amma fushi da tsoro irin albasa ce mai ɗanyen wuya, a ajiya suke ruɓewa. Yadda ruɓan ke fitowa a wurin manomi shi ne ta mudu. Zuciya takan ce, "Ɗan'uwa ba zan cuce shi ba, amma su waɗannan, ai kome na ci nasu halal ne." Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka ko a gida, kuma ba ta ce sai in mai saye ɗan ikkilisiya ne ba. Mutumin da ya ba ka hayar fadama, da dillalin da ke sayar maka, da maƙwabcin da kuke karɓa-karɓar inji, ba su ne suka yi kisa ba. Ko da ma a ce wanda ya cuce ka ne da kansa ya zo sayen hatsi, mudu ɗaya ne Allah ya yarda ka auna masa da shi.

Ku lura, cikin dukan roƙe-roƙen addu'ar Ubangiji, ɗaya ne kaɗai ya koma ya yi wa ƙarin bayani a aya ta 14 da 15, shi ne na yafewa. Ya san nan ne za mu tsaya. Yafewa ba ita ce a ce ba a yi kome ba. Ba ta hana neman shari'a, ba ta kuma hana shugabannin ikkilisiya faɗa wa hukuma gaskiya. Abin da take hanawa shi ne ramuwa, ta hannu ko ta mudu, kamar yadda Romawa 12:17-21 ta bayyana. Ba a kuwa iya wannan da ƙarfin zuciya. Wanda ransa ke tafasa kada ya yi wa Allah ladabin ƙarya. Ya buɗe Zabura 13 ko ta 88 ya ga yadda bayin Allah suka kai ƙara da kuka ba tare da ɓoye kome ba. A ɗakin addu'a ake sauke wannan kaya. In ba a sauke shi can ba, a kan yara za a sauke shi, ko a kan maƙwabci. Daga nan sai a gwada abin da Matiyu 5:44 ya umarta, a yi addu'a domin waɗanda suka yi mugunta. Ran farko baki zai yi nauyi. A sake gobe.

Kafin taro na gaba

Shugaba ya raba mutane uku uku, maza daban, mata daban, su tattauna waɗannan: A cikin sana'armu, ina ne aka fi ɗinka bakin buhu har muka daina ganinsa laifi? In memba ya zo da kansa ya faɗi abin da ya ci, yaya ƙungiya za ta karɓe shi ba tare da ta tozarta shi ba? Ba a tilasta wa kowa ya tona kansa a gaban jama'a, kada kuma wani ya tona wani. Wanda yake da magana mai nauyi ya sami fasto ko ɗaya daga cikin dattawa a keɓe.

Kowa ya zaɓi lokacinsa da wurinsa tun yau, ya faɗa wa mutum ɗaya da zai riƙa tambayarsa. A taro mai zuwa ma'aji ya zo da littafin kuɗi da rasiɗai, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa, a kuma sa mutum biyu waɗanda ba 'yan kwamiti ba su ƙidaya abin da ke cikin akwati. Masu bashi su ga magatakarda kafin ranar. Karatun wancan taro shi ne Yakubu 5:1-11.